Yadda Za Ka Mayar Da Motar Roba Ta Wasa Ta Koma Kamar Golf Ɗin Hanyar Tsanyawa

Yau za mu ɗan ajiye maganar saitin waya da dabarun adana data, mu kama aikin hannu. Amma kada ka ajiye wayarka, domin da ita za mu yi awo, da ita za mu zana lamba da sitika, kuma da ita za mu ɗauki hoton aikin idan an gama.

Duk wanda ya tashi a Tsanyawa ko ƙauyukan da ke kewaye da ita ya san motar kara. Da an gama girbi an tara karan dawa, yara kan fere ɓawonsa su soka a totuwa, su yanko tayoyi daga tsohon silifas. Masu ƙoƙari kuma su buɗe gwangwanin madara su ƙera babbar mota har da bodi. Yanzu motocin roba da ake kawowa daga Chana sun cika kasuwa, musamman lokacin sallah, sai dai yawancinsu launi ɗaya gare su, babu lamba, babu madubi, gilashin ma sitika ce aka manna.

Wani ƙanena ya taɓa son gyara irin wannan mota. Ya tara kuɗinsa ya sayi fentin feshi na mota, ya fesa mata kai tsaye da tsakar rana. Kafin la'asar bodin ya yamutse kamar fatar da ta sha wuta, ga ƙura ta manne ko'ina. Mota ta tafi, kuɗin fenti ya tafi. Ba rashin basira ba ne ya jawo haka, rashin sanin irin robar da tsarin aikin ne. Su za mu koya yau.

Mene ne sikeli?

A ƙasashen waje haɗa ƙananan motoci babbar harka ce ta manya da yara. Kamfanoni irin su Tamiya da ke birnin Shizuoka a Japan, da Revell, da Airfix na Ingila, suna sayar da mota a wargaje cikin kwali, mutum ya haɗa ta da kansa ya yi mata fenti. A jikin kwalin za ka ga an rubuta 1:24 ko 1:18 ko 1:43. Wannan shi ne sikeli. Idan an ce 1:24, ana nufin kowane santimita 1 a jikin ƙaramar motar yana matsayin santimita 24 a jikin ta gaske. Ƙananan motocin Hot Wheels, waɗanda kamfanin Mattel ya fara fitarwa a 1968, suna kusan 1:64.

Irin waɗannan kwalaye ba kasafai ake samunsu a kasuwanninmu ba, sai dai a yi oda ta intanet, kuma da tsada. Amma dabarun da masu wannan harka ke amfani da su suna aiki a kan motar roba ta kasuwa ko ta gwanjo. Misalin da za mu ɗauka shi ne Golf 3, irin wadda ke jigilar fasinja a hanyar Kano zuwa Katsina, ta bi ta Bichi da Tsanyawa, kaya jibge a samanta.

Kafin komai, gane irin robar

Wannan shi ne matakin da mutane ke tsallakewa, kuma shi ne ke raba aikin da zai daɗe da wanda zai ɓare cikin mako guda. Juya motar ka duba ƙarƙashinta ko cikin bodin. Wani lokaci za ka ga alamar kusurwa uku da lamba a ciki, ko wasu haruffa.

Idan ka ga PS ko lamba 6, ko ka ga ABS, ka dace. Irin wannan roba tana da tauri, tana karɓar gam da fenti, kuma da PS ake yin motocin kwali na su Tamiya. Idan kuwa ka ga PP ko lamba 5, ko PE mai lamba 2 ko 4, to dangin robar bokiti da jarka ce. Tana da santsi kamar an shafa mata mai, gam ba ya kama ta sosai, fenti kuma yakan ɓare.

Idan babu wata alama, ga gwaji guda biyu. Na farko, yanko ɗan guntu daga ciki inda ba a gani, ka tura shi ƙarƙashin ruwa a kofi ka sake. PP da PE ba su kai ruwa nauyi ba, don haka za su taso sama, PS da ABS kuwa za su nutse. Na biyu, ɗiga ruwan goge jan farce mai sinadarin asiton a wani lungu na ciki. Idan wurin ya yi danƙo, PS ce ko ABS. Idan babu abin da ya faru, mai santsin ce.

In motarka mai santsin ce, ba a rasa mafita ba. Za ka goge ta da samfefa sosai, ka nemi irin firaimar da masu fentin mota ke fesa wa bamba ta roba, sannan duk abin da za ka ƙara mata ka huda ka ɗaure da siririyar wayar ƙarfe maimakon dogara da gam. Amma ga mai koyo, gara ya fara da mai taurin.

Kayan aiki

Yawancin kayan suna cikin gida ko shagon unguwa. Sauran kuma, kamar samfefa mai laushi da firaima da fentin feshi, za ka samu wurin masu sayar da fentin mota, ko ka ba wani sautu idan zai shiga Kano, ya duba Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari.

- Sabuwar reza ko wuƙar yankan takarda, almakashi, rula, ƙaramin sukundireba
- Samfefa mai lamba 400, 800 da 1500. Idan lambar ta ƙaru, laushin ya ƙaru
- Sufa gulu, da farin gam na kafintoci irin Top Bond
- Bekin soda, irin ta masu yin kek
- Salatif na takarda wanda masu fenti ke rufe gilashi da shi
- Firaima mai ruwan toka, fentin launin da kake so, da baƙin fentin akirilik mai narkewa a ruwa
- Tsofaffin katunan da ake ɓalle layin waya daga jikinsu, bututun biro, sandar auduga ta goge kunne, tsinken sakace, takardar foyil, guntun ragar taga, da kwalin taliya babu komai a ciki

Mataki na 1: Hoto da lissafi a waya

Je bakin titi ko tasha, ka nemi izinin direba, ka ɗauki hoton motarsa ta gaba, ta baya da gefe. Ka tsaya nesa kaɗan ka zuƙo hoton, domin idan ka matsa kusa kyamara takan lanƙwasa siffar mota. Ka lura da abubuwan da ido ba ya kulawa da su: baƙar robar da ta bi gefen ƙofofi, inda madubi yake zaune, yadda aka ɗaure kariya, da rubutun gilashin baya.

Yanzu buɗe kalkuleta. Tsawon Golf 3 ya ɗan haura mita 4, wato kusan santimita 402. Auna motarka da rula. Idan ta kai santimita 17, raba 402 gida 17, za ka samu kusan 24. Ke nan sikelinka 1:24 ne. Daga nan duk abin da za ka ƙara sai ka raba girmansa na gaske gida 24. Robar gefe mai faɗin santimita 5 za ta koma milimita 2. Ƙarfen kariya mai kaurin santimita 2.5 zai koma milimita 1. Lambar mota mai tsawon kusan santimita 30 za ta koma santimita 1.3 ko ƙasa kaɗan. Babban abin da ke tona asirin aikin mai koyo shi ne madubi ko eriya da suka fi ƙarfin motar, kuma wannan lissafin ne maganinsa.

Idan kana da manhaja irin ibisPaint ko PixelLab, ɗauki hoton motar robar ka gwada zana mata launi da layuka a kan sikirin. Kuskure a waya gogewa kawai ake yi, kuskure a kan roba kuwa kuɗi ne.

Mataki na 2: Kwancewa da wankewa

Kwance sukurorin ƙasa, ka raba bodi da gindin motar. Cire gilashi, tayoyi, fitilu da kujeru. Kafin ka cire kowane abu ɗauki hotonsa, don ka san yadda za ka mayar. Zuba sukurori a murfin kwalba kada su ɓace. Ɓare tsofaffin sitiku, ka wanke bodin da ruwa da sabulun wanke-wanke da tsohon burushin haƙori. A masana'anta ana shafa wa mazubin roba wani mai don kada ta manne, ga kuma maiƙon hannu, kuma dukansu suna hana fenti zama.

Kada ka goge bodin da tina ko fetur. Suna cin PS da ABS.

Mataki na 3: Gyaran bodi

Duba saman motar da gefunan bamba, za ka ga wani siririn layi da ya taso, inda ɓangarorin mazubi biyu suka haɗu. Motar gaske ba ta da shi. Kankare shi a hankali da bayan reza, sannan ka bi da samfefa 400, ka biyo da 800. Ka riƙa jiƙa samfefar da ruwa, hakan yana hana ta cushewa kuma yana hana ka shaƙar garin roba.

Idan akwai rami ko tsagewa, barbaɗa bekin soda kaɗan a wurin, ka ɗiga sufa gulu a kai. Nan take za ta daskare ta yi tauri, kuma takan yi zafi, don haka kada ta taɓa fatarka. Cika ramin kaɗan-kaɗan, ka goge shi da wuri, domin ya fi robar da ke kewaye da shi tauri, idan ka tara shi da yawa za ka cinye bodin kafin ka daidaita shi.

Layukan ƙofa, bonet da but sukan zo a shafe. Manna salatif a matsayin jagora, ka bi layin da bakin allura ko bayan tsinin wuƙa sau da yawa ba tare da dannawa ba. Bi goma a hankali ya fi bi ɗaya da ƙarfi, domin idan allura ta zame sai ka koma cike rami.

Ga mai son ƙara leɓen bamba ko fiffiken baya, fara yanka siffar a takarda, ka gwada a jikin motar har ta zauna, sannan ka kwafa a kan katin layin waya ka yanke. Idan kana son katin ya lanƙwasa, tsoma shi cikin ruwan zafi na ɗan lokaci, ka ciro da cokali, ka naɗe shi a jikin kwalba har ya huce. Kada ka kanga shi a wutar kyandir. Yawancin irin waɗannan katunan PVC ne ko danginsa, kuma hayaƙinsu yana cutar da huhu.

Kafin ka wuce, shiga ɗaki mai duhu, ka kunna fitilar wayarka, ka haska bodin ta gefe kamar hasken zai kwanta a kansa. Duk wani ƙarce ko tudu da ido bai gani ba zai fito da inuwarsa. Abin da ka bari a nan, fenti ba zai ɓoye shi ba, ƙara fito da shi zai yi.

Mataki na 4: Fenti

Fentin feshi na mota yana da sinadari mai ƙarfi da ke narkar da fuskar PS, shi ne abin da ya kashe motar ƙanena. Don haka kullum ka fara gwaji a cikin bodin ko a guntun da ka yanke, ka jira awa guda ka gani.

Firaima ce farko, domin ita ce katanga tsakanin roba da fenti. Girgiza gwangwanin na minti 2, ka riƙe shi nesa da motar da kamar santimita 25. Fara fesawa kafin hannunka ya iso kan motar, ka wuce ta kafin ka sake. Shafin farko ya zama kamar hazo, har kana hango launin robar. Jira minti 15 ka ƙara. Siraran shafi uku sun fi mai kauri ɗaya, wanda shi ne ke zuba ya yi hawaye. Bayan firaima ta bushe, shafa ta da samfefa 1500 a hankali, ka wanke, ka bari ta bushe, sannan ka fesa launi da irin wannan tsari.

Yanayinmu yana da nasa sharuɗɗa. Da hunturu ƙura ce matsala, don haka yayyafa ruwa a ƙasa inda za ka yi aiki, kuma da ka gama fesawa ka kife kwali a kan motar. Da bazara, lokacin da zafi ke kai digiri 40, fenti yakan bushe a iska kafin ya sauka, sai fuskar ta yi kaushi kamar yashi, saboda haka ka yi aiki da sassafe a inuwa. Da damina kuma, idan iska ta cika laima, fenti yakan yi fari-fari, gara ka jira ranar da gari ya washe.

A waje ake fesa fenti, ba a cikin ɗaki ba. Ka tsaya ta inda iska za ta kwashe shi daga fuskarka, ka rufe hanci, ka nisanci murhu da janareta, kuma kada ka bar gwangwanin a rana. Bar motar ta kwana ɗaya aƙalla kafin ka manna mata salatif, in ba haka ba zai ɗago fentin.

Mataki na 5: Kayan ado

A nan ne mota ke samun kamanninta.

Robar gefe da ta kewayen gilashi: manna salatif layi biyu, ka bar tazarar milimita 2 a tsakani, ka danne gefensa da tsinken sakace, ka shafa baƙin akirilik, ka ɗaga salatif ɗin tun fentin bai gama bushewa ba.

Layukan ƙofa: sirka baƙin akirilik da ruwa har ya zama kamar shayi, ka taɓa bakin burushi a cikin layin, zai bi shi da kansa. Goge abin da ya fita da auduga mai ɗan laima.

Ragar gaba: yanke ta roba, ka manna guntun ragar taga ta ciki, ka yi mata baƙi.

Kariya: yi ta da wayar ƙarfe mai kaurin milimita 1. Ƙunsa guntayen soso a ƙyalle su zama buhuna, ka ɗaure da zaren ɗinki.

Salansa da eriya: guntun bututun biro ko sandar auduga mai rami a ciki ya isa salansa. Gashi ɗaya na burushi ya isa eriya.

Madubi da wuraren ƙyalli: shafa farin gam kaɗan, ka jira ya fara danƙo, ka ɗora foyil, ka murje da auduga, ka yanke gefen da sabuwar reza.

Gilashi: kada sufa gulu ta kusance shi, tururinta yana sa shi ya yi fari. Yi amfani da farin gam, wanda idan ya bushe ba a ganinsa. Ƙananan ƙarce kuma man goge baki da ƙyalle mai laushi suna rage su.

Lamba da sitika: zana su a PixelLab ko Canva. A Najeriya lambar motar haya jan rubutu gare ta, ta gida shuɗi, ta gwamnati kore, kuma haruffan ƙaramar hukumar Tsanyawa su ne TYW. Ƙirƙiri lambarka, kada ka kwafi ta wani, tunda hoton zai shiga intanet. Jera su da yawa a shafi ɗaya, ka kai shagon kwamfuta, ka gaya wa mai bugawa ainihin girman da kake so a santimita. Ga gilashin baya, karin magana irin "Haƙuri maganin zaman duniya" zai sa duk wanda ya gani ya yi murmushi.

Idan kana son ta yi kama da wadda ta sha hanya, tankaɗe ƙasa mai laushi, ka sirka farin gam da ruwa, ka shafa kaɗan a ƙasan ƙofofi da bayan tayoyi, ka barbaɗa. Kaɗan ya isa.

Mataki na 6: Fitila mai kamawa

Ciro ƙananan ƙwayayen LED daga tsohuwar tocila. Farar LED tana aiki da kusan volt 3, don haka batirin CR2032 mai kama da kwabo zai kunna ta kai tsaye, doguwar ƙafa a ɓangaren da ke da alamar tarawa. Idan kana son jona ta da fawa bank ta kebul ɗin USB, wutar volt 5 ce, dole ka sa wa kowace LED resisto mai ohm 100 zuwa 220, in ba haka ba za ta ƙone. Masu gyaran rediyo da waya suna da su. Kada ka huda ko ka yanka tsohon batirin waya don wannan aiki, yana iya kamawa da wuta. Batirin kwabo kuma ka rufe shi da sukuru, domin idan ƙaramin yaro ya haɗiye shi yana iya ƙona masa maƙogwaro cikin 'yan awoyi.

Mataki na 7: Hoton da zai ruɗi mutane

Fita da yamma bayan la'asar. Ɗora motar a kan benci ko dakali, yadda gona ko bishiyoyi za su kasance can nesa a bayanta. Juya wayarka kyamara ta koma ƙasa, ta daidaita da tsayin fitilar motar, ka taɓa sikirin a kan gaban motar don hoton ya fito tas. Kada ka kunna filasha. Idan aikin ya yi, sai ka faɗa kafin a gane ba ta gaske ba ce.

Wannan ba wasan yara ba ne kawai

Jelani Aliyu, wanda ya tashi a Sakkwato, ya karanta zanen gine-gine a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi, sannan ya tafi birnin Detroit na Amurka ya karanta zanen motoci, ya kama aiki da General Motors a 1994. Shi ne aka sani da zana siffar samfurin Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007, kuma a 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar NADDC mai kula da bunƙasa ƙera motoci a Najeriya. Har gobe, manyan kamfanonin mota suna fara sassaƙa ƙaramin samfuri da wani irin yumɓu kafin su yi babba. Awo da sikeli, cike rami, firaima, siraran shafin fenti, duk su ne abin da mai gyaran bodi da mai fentin mota ke ci da shi a gareji.

Motarka ta farko ba za ta yi kyau yadda kake so ba, kuma babu laifi. Fara da mai arha, ka ɗauki hoton kowane mataki, ka ajiye ta ko da ta ɓaci, domin ita za ta nuna maka ci gabanka idan ka gama ta uku. A darasi na gaba za mu duba yadda ake sa wa irin wannan mota ƙaramin inji da ake sarrafawa daga waya ta Bluetooth.